Tsakanin Marka da Kaka: Tarihin Rance da Taimakon Juna a Arewacin Kano

Wanda ya bar Dawanau ya miƙi hanyar Bichi, ko ya ɗauki ta Ɗambatta, ba zai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, iyakarsu ɗan layin gamba ko na lalle, ga gawo da ɗorawa da kuka a tsaitsaye, kowace bishiya da mai ita. Tun a 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa suka fitar da binciken da suka yi a ƙasar Ungogo, suka nuna yadda mutanenmu ke noma wuri ɗaya kowace shekara ba tare da an bar shi saura ba, jakuna na ɗauko shara daga birni a mangala ana zubawa. Ƙasa irin wannan tana ciyar da jama'a masu yawa, amma gonar kowa 'yar kaɗan ce, kuma duk rabon gado sai ta ƙara ƙanƙancewa. Shi ya sa a gidaje da yawa rumbu ke ƙarewa kafin gero ya nuna. Lokacin marka, ruwa na zuba, gona ta yi kore shar, shi ne lokacin da uwargida ke rage awo, maigida kuma ya fara tunanin ƙofar wa zai tsaya.

Na yi aikin malamin gona a wannan yanki har na ajiye, kuma har yau ni nake riƙe da littafin wata 'yar ƙungiya a garinmu. Kwanan nan samari na zuwa mana daga birni da waya da kwamfuta, suna cewa sun kafa kasuwanci mai amfanar al'umma: za su ba manomi iri da taki bashi, su saye amfaninsa, su ci riba kaɗan, kowa ya ƙaru. Ina murna da zuwansu. Sai dai filin da suke shiga ba sabo ba ne. Shekara fiye da ɗari ke nan mutane na zuwa da niyyar riƙe manomi daga marka zuwa kaka, kuma ya kamata a san waɗanda suka daɗe da waɗanda suka watse, da dalili.

Kakanninmu da gandu suka fara. Uba da 'ya'yansa maza, har masu aure, suna noma gona ɗaya, rumbu ɗaya, shi uban ne ke ciyarwa, ya biya haraji, ya yi wa yaro auren fari, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa da yake yi wa aiki da yamma. In aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya. Na riski gayya da idona: an dama fura da kunu tun asuba, makaɗi na gefe, samari sun jeru da garma suna rige-rigen kai kunya ƙarshe. Akan yi wa suruki, a yi wa limami da mai unguwa, a yi wa wanda ciwo ya kayar a tsakiyar damina. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi shiga raina, domin babu abin da ake jira daga mara lafiya sai addu'a.

Amma kada mu yi wa jiya ado fiye da yadda take. Gayya sai mai abin ciyar da mutane, kuma mai abin ciyarwa a watan yunwa ai shi ne mai hali. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta Katsina a 1967, daga baya ta yi bincike a Ɗorayi, ta rubuta abin da duk ɗan ƙauye ya sani: talaka na barin gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago don ya samo awon yau, kafin ya dawo lokacin noman farko ya wuce, bana ma ya rasa. Daga nan sai jinginar da gona, daga jingina sai sayarwa, daga sayarwa sai ci-ranin da ba a dawowa.

Gyaɗa ce ta sauya komai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suke so don masaƙun Ingila, amma da kakar 1912 ta zo, manoman Kano suka auna, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ga harawa ga dabbobi, in ta ƙi sayuwa kuma ana iya ci. Suka cika tasha da buhuna. Shekara biyu bayan haka aka yi yunwar Kakalaba ta 1914, wadda ta kashe mutane masu yawa a arewacin Kano. Tun daga lokacin manomi ya shiga tsakanin abu biyu, kuɗin gyaɗa da hatsin rumbu.

A nan ne aka gina tsarin bashi mafi girma da ƙasar nan ta taɓa gani. Kamfanonin Turawa na ba manyan attajirai kuɗi, irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya fara sayen gyaɗa wa Kamfanin Neja a 1918 kuma ya rasu a 1955. Su kuma suna ba yaransu, yaran su ba 'yan baranda, har kuɗin ya iso hannun wani mutum a ƙauye wanda ya san gonar kowa da halin kowa. Shi ne ake zuwa wa da daddare. Ya ba ka kuɗi ko damin dawa a marka, ka biya da gyaɗa in an cire. Ba-da-kaka ke nan. Dattawa sun gaya mini dami ɗaya kan koma biyu. Da kaka kuma ga haraji ya tsaya a ƙofa, dagaci na jira, dole ka sayar a lokacin da kowa ke sayarwa, a kan sikelin da ba kai ke karanta shi ba. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, da irin wannan bashin aka tara wani sashe nata.

Duk da haka ina so samarinmu su lura da abu guda game da wannan mutum na ƙauye. Kuɗinsa na zuwa a ranar da ake bukata, ba ya neman takarda, kuma da wuya a cinye masa, domin gobe ma wurinsa za a koma. An zalunci mutane a hannunsa, ba na musu. Amma duk wanda ya zo daga baya da niyyar ya kore shi, ya tarar ba ya iya yin abin da yake yi.

Gwamnati ta gwada. A 1934 aka kawo wani Bature, C. F. Strickland, wanda ya yi aikin ƙungiyoyin gama-kai a Indiya, ya rubuta rahoto, aka yi doka a 1935. A Arewa abin bai kankama ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ta koma ta Jihar Arewa a 1954. Hukumar ke yanka farashi tun kafin kaka, ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma a yi ayyukan gwamnati da ita. Ƙungiyoyin gama-kai aka ba su rancen kafin damina su raba wa mambobi, su kuma saye gyaɗarsu. A takarda babu abin da ya fi wannan kyau. A ƙasa kuwa, ƙungiyar daga ofis ta zo, shugabanta sau da yawa mutumin dagaci ne ko shi kansa ɗan barandan, kuɗin kuma kowa ya san sunansa: kuɗin gwamnati. Bashi ya taru ba a biya ba. Sai fari ya zo a 1972 zuwa 1974, cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa ta biyo baya a 1975, dala ta ɓace. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da ya hau mulki a 1979, wanda ya sauke wa talaka nauyi na gaske, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya ba sai na daɗe a kansa ba, don kusan labari ɗaya ne da sunaye daban-daban. An kafa hukumar raya noma ta KNARDA a farkon shekarun 1980 da tallafin Bankin Duniya, an buɗe Bankin Al'umma a 1989 bisa koyi da Bankin Grameen na Muhammad Yunus a Bangladesh, aka haɗe shi da bankin manoma a 2000, sannan Babban Bankin Najeriya ya fito da shirin Anchor Borrowers a ƙarshen 2015, wanda maganar rashin biyan bashinsa ta cika jaridu. Kowanne ya yi wani alheri, musamman wajen iri da rijiyoyi da hanyoyin karkara. Amma na ga yadda ake haɗa ƙungiya a dare ɗaya don an ji za a raba taki, a rubuta sunan ƙane da na yaron shago har da na wanda ke Legas. Na ga shekarar da takin wani shiri ya iso mana bayan gero ya fitar da kai, mutane suka karɓa suka kai kasuwa a ranar, da kaka kuma aka zo ana neman biya. Wanda aka yi wa haka sau biyu, ba ka da bakin yi masa wa'azin riƙon amana.

A duk tsawon waɗannan shekaru akwai wani tsari da bai taɓa tsayawa ba, kuma ba a taɓa yi masa bikin buɗewa ba. Yana cikin gida, wajen mata.

Gwaggona uwar adashi ce. Ba ta yi boko ba, ba ta fita sai da dalili, amma kuɗin mata na unguwa biyu na bi ta hannunta. Yara ne ke kawo zubi, a ɗaure a bakin zane ko cikin ɗan kwano, ita kuma tana riƙe da lissafin a kai: wa ta zuba, wa ta yi fashi, kwasar wa ce wannan makon. In wata na da suna ko za ta aurar da 'ya, sai a zo a ce, "Gwaggo, a taimaka a matso mini da tawa," ta je ta roƙi mai kwasar ta haƙura. Kuɗin daga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa yake fitowa, da daddawa, da fura, da ƙosai, da saƙar faifai. Polly Hill ta kira wannan ɓoyayyen ciniki a wata maƙala ta 1969, don ta ga hatsin da ake saye da sayarwa a cikin gidaje ya kai a kira shi kasuwa. Ga kuma kiwo: mai hali ta ba wadda ba ta da shi akuya ta riƙe, in ta haihu a raba 'ya'yan yadda aka yi sharaɗi, takin kuma ya tafi gonar mijin mai riƙon. Gidaje nawa na sani da tunkiyarsu ta farko ta wannan hanya ta shigo. A shekarar da damina ta yi gardama, akuyar matar gida ce ake kaiwa kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi a sayo dawa, wani lokaci ma mijin rance take ba shi, kuma sai ya biya.

Adashi na da rauninsa. Abin da ka zuba shi za ka ɗauka, ba ya haihuwa, in kuɗi na faɗuwa kuma na ƙarshe ya cutu. Kwasarka ba lallai ta zo ranar da yaro ya kwanta ba. Akan samu uwar adashin da ta ci amana. Matan Maraɗi ne suka gyara wannan. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da su a kan wani tsari da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Mata kamar ashirin zuwa talatin, waɗanda suka zaɓi junansu, suna haɗuwa kowane mako, kowa ta zuba a gaban kowa. Kuɗin ba a miƙa wa mutum ɗaya. Yana zama a asusu, mai bukata ta ranta ta yi sana'a ta dawo da shi da ɗan ƙari, ana kuma ware wani abu don rashin lafiya da rasuwa. In zagaye ya cika a fasa a raba, yawanci a daidaita shi da shigowar damina ko salla. Ba a kawo musu ko sisi daga waje ba, koyarwa kawai. Wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da wajenta, miliyoyin mutane na cikinsa, kuma da ya iso ƙauyukanmu a motocin ƙungiyoyin agaji, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mutane da yawa sun ɗauka daga Turai ya zo. Daga Maraɗi yake, kuma daga adashi aka tsiro da shi. A Kano ma Hajiya Salamatu Garba ta kafa ƙungiyar WOFAN a 1993, ta bi ta ƙananan ƙungiyoyin mata manoma da masu sarrafa gyaɗa da shinkafa.

Abin da na fahimta daga kwatanta waɗannan da na gwamnati shi ne, Bahaushe na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kowane bashi yake ɗauka da nauyi ɗaya ba. Wanda ya ci kuɗin maƙwabciyarsa zai haɗu da ita a gidan suna. Inda kuɗin na masu shi ne, kuma su suka zaɓi wanda zai zauna da su, ana biya.

Akwai maganar da ba a kauce mata a wajenmu, ita ce ta ƙarin da ake ɗorawa a kan rance. Malamai sun yi magana, kuma mutane da yawa sun ƙi shiga saboda tsoron riba. Na ga ƙungiyoyin da suka warware ta da kansu: maimakon a ba mace kuɗi, sai ƙungiya ta sayi buhun gyaɗa ta sayar mata a kan farashin da aka yi yarjejeniya, ta biya a hankali. Fiƙihunmu ma yana da cinikin salam, inda ake biyan manomi kuɗi yanzu ya kawo amfani da kaka, bisa sharaɗin a fayyace nau'i da awo da lokaci. Tun da Bankin Jaiz ya buɗe a 2012, har da reshe a Kano, irin waɗannan kalmomi sun daina zama na cikin littafi kawai. Saurayin da ya zo da tsarin da liman zai iya tsayawa a kai ya gama rabin aikinsa.

Cikin kamfanonin zamani, wanda na ga ya karanci wannan tarihi shi ne Babban Gona, wanda Kola Masha ya kafa a 2012 a jihar Kaduna. Ba ya ba mutum ɗaya bashi kai tsaye; manoma kaɗan ne da suka yarda da juna ke haɗuwa ƙarƙashin jagoran da ke cikinsu, a ba su iri da taki da horo, da kaka a karɓi masara a adana a sayar lokacin da ta yi daraja. Ya haɗa saurin ɗan baranda da amanar adashi. Sai dai ƙarfinsa a masara yake, ita kuwa masara ta fi son ruwan kudancin Kano da Kaduna. Mu nan Kunci da Tsanyawa da Makoɗa, gero ne da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo, a cakuɗe a gona ɗaya, da awaki a bayan gida. Wanda ya kwafo tsarin masara ya sauke mana shi yadda yake zai sha wuya.

A ganina babbar dama tana wajen ajiya, kuma wake ne ya fi nuna ta. Manomi na sayar da wake da kaka da araha saboda abu biyu: bukatar kuɗi da tsoron ƙwari. Masu sayen suna zuba masa magani, har ta kai Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015 saboda yawan guba. Alhali tun 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masu bincike na Nijar da Najeriya, ta yaɗa buhun nan mai ciki uku, leda biyu a cikin buhu, wanda in an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. A Nijar kuma tun 1999 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaɗa wani tsari: manoma su tara amfaninsu a ɗakin ajiya na gari, a sa kwaɗo biyu, ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun mai ba da rance, a ba su wani kaso na kuɗin kayan su yi sana'ar rani, in farashi ya tashi a buɗe a sayar a biya. Mu da muke da Dawanau a bakin ƙofa, inda ake loda riɗi zuwa Japan da Turkiyya, zoɓo zuwa Meziko, abin takaici ne a ce ƙauyukan da ke kewaye da ita ba su da irin wannan ɗaki. Ribar da ke tsakanin farashin kaka da na bazara tana nan kowace shekara. Tambayar ita ce aljihun wa take shiga.

Ba na cewa babu haɗari. A 2025 farashin hatsi ya faɗo, waɗanda suka saya suka ajiye da yawa sun yi asara. Don haka rancen da za a bayar a kan kayan ajiya kada ya kusanci cikakken kuɗinsu, kuma a gaya wa manomi gaskiya tun farko cewa wata shekarar ba za a ci ba. Waya da masu POS sun sauƙaƙa tura kuɗi, famfo mai aiki da hasken rana ya fara rage wa masu noman rani a madatsun ruwan Watari da Tomas kuɗin fetur tun da aka cire tallafi a 2023, duk waɗannan alheri ne. Amma waya ba ta san wanda ya yi jinyar mahaifiyarsa wata uku ba, da wanda ya kai kuɗin wurin caca. Wannan sanin yana wajen mutanen gari, kuma dole a biya su ladan aikinsu a sa su cikin masu yanke shawara.

Ga 'ya'yanmu da ke fitowa daga Kwalejin Noma ta Audu Baƙo a Ɗambatta da Jami'ar Bayero, masu son shiga wannan harka: kafin ku buga takardar rajista, ku nemi izinin masu gida ku zauna da iyayen adashin garin, ku tambaye su wa ke biya. Ku kawo taki kafin ruwan shuka ko kada ku kawo. In kun yi awo, ku juya fuskar sikelin wajen mai kaya, ku karanta lissafin shekara da Hausa a bainar jama'a. Ku kuma attajiran Dawanau da kuka fito daga waɗannan ƙauyuka, ɗakin ajiya ɗaya da buhunan da za a cika shi bai kai kuɗin motar da kuke hawa ba. Ku gina shi waƙafi a garinku, ku damƙa makullinsa a hannun ƙungiyar da ta riga ta shekara tana zubi da kuɗinta.